Minimalis: Ba Rowa Ba Ce, Ba Kuma Shiga Daji Hannu Rabbana Ba

Tun da hunturun nan ya kama, kalmar "minimalis", wato mai taƙaita kayansa ga abin da ya zama dole, ta hana kunnena sakat. Samarin Kaduna da suka tsiri hawan duwatsu a ƙarshen mako, yau Kufena gobe Kagoro, duk wanda ka taɓa sai ya ce maka shi minimalis ne. Kwanaki na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo ya fassara ta da "mai maƙo", abokin hirarsa kuma ya ce ai talauci ne kawai aka ɗinka wa sabuwar riga. 'Yan siyasa ma sun fara aronta idan za su kare tsuke bakin aljihu. Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da na gani da idona a tsakar gidanmu.

Ɗan yayata ne yake shirin tafiya dutsen Kagoro da abokansa, za su kwana biyu a sama. Ya baje kayansa a kan tabarma: waya, na'urar cajin waya har biyu, sandar ɗaukar hoto, tabarau, da robar ruwa guda ɗaya 'yar ƙarama. Babu bargo, babu tocila, babu ashana. Na ce masa, "Kai yaro, ina sauran ruwan?" Ya ce, "Kawu, ai ruwa nauyi gare shi. Mu minimalis ne." Gabana ya faɗi, domin yaron ba wasa yake yi ba, haka ya fahimci kalmar.

Tushenta daga Latin ne, minimus, wato mafi ƙanƙanta. A shekarun 1960 aka laƙaba ta ga wasu masu fasaha a birnin New York, irin su Donald Judd, waɗanda suke ƙera akwatunan ƙarfe marasa ado, su jera su a ɗaki. Daga can ta shiga harkar gini da tufafi, har ta iso wurin masu ratsa daji da ƙafa. Su waɗannan suna da ma'auninsu: idan jakarka da duk abin da ke ciki ba su kai kilo 4.5 ba, ka shiga sahun masu sauƙin kaya. Amma ga inda ake yin tuntuɓe. A wannan awon ba a sa ruwa, ba a sa abinci, ba a sa makamashin girki, saboda yawansu ya danganta da tsawon tafiya da zafin rana. Ke nan ko a wurin waɗanda suka fito da ma'aunin, babu wanda yake zama minimalis don ya rage ruwan sha. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, gaskiya ne, amma nauyi ne da ake ɗauka ba a jayayya.

Akwai wata tsohuwa 'yar jihar Ohio a Amurka, Emma Gatewood, wadda masu wannan ra'ayi suke yawan kafa hujja da ita. A 1955, tana da shekara 67, uwar 'ya'ya 11, ta bi hanyar dajin Appalachian daga jihar Georgia har Maine ita kaɗai, tafiyar sama da kilomita 3,000, cikin kwana 146. Ba ta ɗauki tanti ba. Buhu ne ta ɗinka da kanta ta saɓa a kafaɗa, a ciki da bargon soja, da rigar ruwa, da labulen roba irin na banɗaki wanda take fakewa a ƙarƙashinsa idan sama ta tsuge. Takalminta na zane ne. A nan masu ba da labari suke tsayawa, kuma a nan nake ganin ana cutar matasa. Ba a faɗa musu cewa shekara guda kafin nan ta gwada, ta ɓace a dajin Maine, tabaranta ya fashe, ta koma gida ba ta cim ma buri ba. Ba a faɗa musu cewa a gona ta tashi, ta san ganyen da ake ci da wanda ba a ci, kuma sau da yawa mutanen da ke gefen hanya ne suka ba ta abinci da makwanci. Abin da ta rage a buhu yana nan a kanta. Wanda ya kwaikwayi buhun ya bar sanin, ya ɗauko rabin labari ne.

Ni a ganina ma ba sai mun je Ohio ba. Dubi makiyayin da ke kora shanu a bayan Kachia: sanda, malafa, gorar ruwa, wuƙa, da mayafi guda wanda shi ne inuwa da rana, shi ne bargo da dare. Babu abu ɗaya a jikinsa da ba ya aiki biyu ko uku. Muna da kalmarmu tun kaka da kakanni, guzuri, kuma guzuri ba tarkace ba ne, ba kuma hannu wofi ba ne. Abin da zai kai ka ya dawo da kai ne. Dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo, kilishi, daƙƙuwa: iyayenmu fatake sun gama wannan lissafin tun kafin a ƙera jakar goyo. Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga yaro ya zuba kuɗi a kan cokali mai naɗewa da aka yo oda daga waje, alhali bargo mai kyau yana nan a gwanjon Kasuwar Barci.

Sai ɗaya ruɗanin. Da yawansu suna cewa za su shiga daji ne don natsuwa, su zauna su yi tafakkuri nesa da hayaniya da sabis ɗin waya. Wannan buri ne mai kyau, kuma mu da muka san halwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ga mai farawa ba ya buƙatar kaya ko kaɗan: ka sami wuri bayan sallar asuba, ka zauna ka miƙe bayanka, ka bi numfashinka kana ƙirga daga ɗaya zuwa goma, in hankali ya gudu ka dawo da shi ka soma daga ɗaya. Minti biyar ya isa a farko. To amma wanda ya kwana yana makyarkyata a sanyin Disamba, maƙogwaro a bushe, wane numfashi zai ƙirga? Kuma natsuwa ba ta hana tambayar mutanen gari halin da hanya take ciki. Kowa a jihar nan ya san akwai dazuzzukan da ba a shiga a wannan zamani, kuma ba a hawa dutsen mutane ba tare da ɗan jagora ba.

Daren nan muka sake baje tabarmar. Sandar hoto ta fita, na'urar caji ɗaya ta fita. Lita uku ta ruwa ta shiga, da ƙaramar tukunyar da zai tafasa na rafi, da bargo, tocila, ashana a ƙulle cikin leda, bandeji, da ƙullin gishiri da sukari saboda gudawa: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda. Na sa ya rubuta wa mahaifiyarsa hanyar da za su bi da ranar da za su sauko. Da ya goya jakar ya ce, "Kawu, ta fi ɗazu nauyi." Na ce masa haka ne, kuma kada ya sa takalmi da safe sai ya zazzage shi saboda kunama.