Dalilin da likita ke ƙin ba da "magani mai ƙarfi" ga ciwon mafitsara

Mai fama da zafin fitsari sauƙi kawai yake nema, shi ya sa yakan ji haushi idan ya roƙi maganin ciprofloxacin, wanda yake gani shi ne mai ƙarfi, aka rubuta masa wani maganin, nitrofurantoin. Akwai ƙa'idar da likitan yake bi.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan kashe bakteriya gida uku, a tsarin da ta kira AWaRe. Rukunin farko shi ne wanda ake fara bayarwa, domin yana warkar da cututtukan yau da kullum kuma bai cika koya wa ƙwayar cuta taurin kai ba. Nitrofurantoin yana nan, ana kuma yawan shan sa na kwana biyar. Na biyu na sa ido ne, kamar ciprofloxacin da allurar ceftriaxone, waɗanda ake ɗagawa sai ciwo ya yi tsanani, misali ya hau ƙoda. Na uku ajiya ne, irin su colistin, sai komai ya gaza.

Mafi yawan ciwon mafitsara E. coli ke kawo shi, bakteriyar da ke zaune a hanjin kowa. Duk lokacin da aka sha magani, masu rauni a cikinta su mutu, masu juriya su hayayyafa. Maganin da ke kai hari ga ƙwayoyi iri-iri, irin su ciprofloxacin, ya fi saurin haifar da wannan, kuma mai juriyar takan wuce daga wanda ya sha zuwa mutanen gidansa. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan: jariri ko tsohuwa na iya kamuwa da ƙwayar da ba ta jin magani, alhali ba su taɓa shan sa ba. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 a duniya sun mutu kai tsaye saboda bijirewar bakteriya ga magani.

Tsarin AWaRe ba doka ce mai hukunci ba, kowace ƙasa ce ke shigar da shi cikin ƙa'idojinta. Amma a 2024, a Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashe sun amince cewa nan da 2030 aƙalla kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan magunguna da mutane ke sha su fito daga rukunin farko.

Idan ciwon ya dawo, ko magani bai yi aiki ba, a nemi gwajin fitsari wanda zai nuna maganin da ƙwayar ke ji. Zazzaɓi, amai ko ciwon kwiɓi kuwa, musamman ga mai juna biyu, na garzayawa asibiti ne a ranar.