Rubutu a Bakin Kwata: Aikin Sa-kai na Kare Ruwanmu Daga Gurɓata

Da yawa daga cikinmu idan muka zuba shara ko ruwan datti a kwata, sai mu ɗauka cewa mun rabu da shi ke nan, alhali kuwa tafiyarsa ce ta fara. Magudanar ruwan da ke gefen titi an gina ta ne don ruwan sama kawai, kuma ba ta bi ta wata matata kafin ta juye abin da ta ɗauko a cikin rafi ko kududdufi. Duk abin da ruwan farko na damina ya tarar a ƙasa, kama daga baƙin man gareji, ruwan rini, jinin mahauta, kashin dabbobi, har zuwa ledar ruwa da ragowar maganin feshi, da shi yake tafiya.

A wasu ƙasashe, masu aikin sa-kai sun samo wata dabara mai sauƙi ta tunatar da jama'a wannan magana, wato yin alama a bakin magudanar. A Kanada, ƙungiyar Trout Unlimited, mai aikin kare koguna da kifayensu, ta fara wani shiri a 1991 inda ɗalibai da matasa ke zana hoton kifi da fenti ruwan ɗorawa a bakin magudanan ruwa, sannan su bi gida-gida suna rataya takardar bayani a ƙofa. A biranen Amurka da dama kuma za ka ga an rubuta cewa kada a zuba komai a nan domin ruwan kogi yake zuwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa baƙin man da ake juyewa daga mota guda a canji ɗaya zai iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwa mai kyau, wanda hakan ya isa ya sa duk wani bakanike ya sake tunani kafin ya karkata bokitinsa.

Mu ma muna da dalilin yin irin wannan aiki. A Kano, yawancin kwatocin cikin birni da Fagge da Sabon Gari suna zuba ne a rafin Jakara, wanda ke haɗuwa da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su gangara tare zuwa madatsar ruwan Wasai. A bakin wannan ruwa ne masu lambu ke ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo, a ciki kuma masunta ke kamun kifi, sannan kayan su dawo kasuwannin gari mu saya. Saboda haka wanda ya zuba ƙazanta a lambatun ƙofar gidansa yana iya cin ta a kwanonsa bayan 'yan makonni bai sani ba. Idan kuma leda ta toshe hanyar, ruwan ya kwanta, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, ko ya malala cikin rijiyoyin gidaje ya buɗe ƙofa ga amai da gudawa.

Aikin kansa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ƙungiyar unguwa za ta fara da neman izinin mai unguwa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, domin titi da kwalbati kayan gwamnati ne. Sai a samu langa-langa ko kwali mai kauri a yanke haruffan a jikinsa, a share siminti da tsintsiya da buroshin ƙarfe har ƙura ta fita, a ɗora, a shafa fentin mai kaɗan-kaɗan don kada ya zuba cikin ruwan da ake son karewa. A zaɓi ranar da babu hadari, zai fi kyau a bazara kafin ruwan farko, kuma a sa mutum ɗaya ya tsaya yana lura da ababen hawa, musamman idan akwai yara a cikin ayarin.

A ganina, abin da ya fi muhimmanci shi ne kalmomin da za a rubuta. "A guji zubar da shara" ya cika bangon gari har ido ya daina ganinsa. Amma idan aka rubuta "Wannan ruwa Jakara yake zuwa, da shi ake ban-ruwan lambu", mai wucewa zai tsaya, domin an gaya masa abin da ya shafi cikinsa. A yi shi da boko da ajami, a ƙara hoton kifi ko ganyen latas saboda waɗanda ba su karatu.

Rubutu shi kaɗai ba zai wadatar ba matuƙar mutane ba su da inda za su kai shararsu, don haka ya kamata masu aikin su tafi da amsa a bakinsu. Su nuna wa matan gida bola mafi kusa da ake kwashewa, su shawarci masu gareji su riƙa tara baƙin mai a duro mai murfi tun da akwai masu saye, su kuma haɗa zanen da yashe kwata a ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. Rana da ƙura suna cinye fenti, saboda haka sai an koma an sabunta alamomin kowace shekara kafin damina ta sauka.