Magidantan Sakkwato, ku taka da ƙafa tare da iyalanku

Garin Sakkwato ya buɗe. Wuraren da iyayenmu suka sani da gonaki, irin su Dambuwa, Gagi, Bado da Arkilla, yau gidaje ne reras. Sai dai yadda garin ke faɗi, haka ƙafafunmu ke daina aiki. Mutumin cikin gari na da yakan taka zuwa kasuwa, ya taka zuwa masallacin Shehu, ya taka gaisuwar dangi. A sabbin unguwanni kuwa doguwar katanga ce da get, a fita a kan babur a dawo a kan babur. Ko zuwa bakin titi ne, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, sai an tsayar da ɗan kabu-kabu.

Mu da ke aiki a ƙananan asibitocin unguwa muna ganin abin da wannan zama ke haifarwa a kan na'urar awon jini. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka samu haka, to hawan jini ne. Yawancin masu shi ba sa jin komai a jikinsu har sai ya taɓa zuciya ko ƙoda, ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ciwon suga ma haka yake shigowa a ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce babba yana buƙatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, yara masu shekara 5 zuwa 17 kuma kimanin awa ɗaya kullum. Minti 30 a rana, kwana biyar a mako, ya cika mafi ƙarancin adadin babba. Tafiyar ƙafa da ɗan sauri ta wadatar, wato irin wadda numfashi zai ɗan ɗaga amma kana iya hira da na kusa da kai.

Abin da ya fi damuna shi ne mata. Maigida ko ba komai yana zuwa masallaci sau biyar, yana zirga-zirga a kasuwa ko ofis. Uwargida kuwa sai ta yi mako ba ta wuce zaure ba. A da akwai daka da surfe da jan ruwa a rijiya. Yanzu ga injin niƙa, ga famfo, ga yara masu aike, sauran lokacin kuma na waya ne. Wata baiwar Allah ta zo mini da ciwon gwiwa da nauyin kai, jininta ya hau sosai. Da na kawo maganar tafiya sai ta ce, "Malama, ni da ka aiki cikin gida, mi zan yi da yawo? Kuma Alhaji ba shi bari." Na roƙa ta zo da shi. Ya zauna a benci yana juya makullin mota a hannu, na nuna mishi lambobin da ke kan katinta. Na ce, "Alhaji, ba cewa na yi ta riƙa fita ita kaɗai ba. Kai za ka raka ta." Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko bayan sallar Asuba zai yi. Na ce babu lokacin da ya fi shi.

Kuma gaskiya ne, a Sakkwato lokaci shi ne komai. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka fita da hantsi ko da azahar ganganci ne, musamman ga tsofaffi, masu ciki da ƙananan yara. A fita bayan Asuba kafin rana ta ɗaga, ko gab da Magariba, a riƙe gorar ruwa. Lokacin hunturu mai asma ya rufe hanci da takunkumi, ranar da hazo ya yi yawa ya zagaya tsakar gida kawai. Da damina a kiyayi barin yara kusa da kududdufi da manyan magudanan ruwa, a kuma koma gida kafin sauro ya fito. A bi layukan cikin unguwa da aka sani, inda akwai jama'a. Idan dole sai an bi babban titi, a tafi ta gefen da ake fuskantar motoci, yaro kuma a riƙe hannunsa ta ɓangaren da ba na titi ba.

Na san abin da ke hana wasu: kada a ce talauci ya kama Alhaji, ya sayar da mota. Wannan magana ba ta kai kwanciya a gadon asibiti nauyi ba. Malamanmu kullum suna tuna mana ladar taku zuwa masallaci da ladar zumunci, to a haɗa biyu. A je gaida maƙwabciya mai jego da ƙafa, a kai yara Islamiyya da ƙafa, matan layi ɗaya su haɗu uku ko huɗu da hijabansu su zagaya da izinin mazajensu.

Ranar hutu kuma a ɗauki iyali a fita. Yara da yawa an haife su a nan amma ba su taɓa shiga Hubbare ba, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, wanda ya rasu a 1817, ba su kuma san gidan tarihi na Waziri Junaidu ba. A ajiye mota nesa kaɗan, a ƙarasa da ƙafa, a bi ta gaban fadar Sarkin Musulmi, uba yana nuna wa 'ya'yansa yana ba su labari. Yaron da ya wuni yana tafiya yakan ci abinci da kyau, ya yi barci da wuri.

Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Mai ciwon suga ya sa takalmi rufaffe mai laushi, ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu in ya dawo, domin ƙaramin rauni kan zama gyambo ba tare da ya ji zafi ba. 'Yar tafiya bayan cin abinci tana taimaka mishi wajen sauke suga. Mai ciki ta faɗa wa ma'aikaciyar awo kafin ta fara. Wanda ke shan maganin hawan jini kada ya ajiye shi don ya fara tafiya. Idan kuma a kan hanya aka ji ƙirji ya riƙe, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, a tsaya nan take a nemi asibiti mafi kusa, kada a ce bari a ga gobe.