Matakan da 'yan wasa ke ginawa da kansu a wasannin bidiyo

Mataki a wasan bidiyo shi ne fagen da ɗan wasa ke ratsawa daga mafari zuwa mafita, da ɗakunansa da ramukansa da abokan gaban da aka jibge a ciki. A wasannin harbi an fi kiransa taswira. Ma'aikatan kamfani ne ke tsara shi a al'ada, amma wasanni da dama na zuwa da manhajar gini wadda ke bai wa mai wasa damar shimfiɗa nasa fagen, ya kuma raba wa jama'a. Akasarin magina sha'awa ce kawai ke jansu, ba albashi ba, duk da haka daga hannunsu ne wasu fitattun wasannin duniya suka fito.

Asali

Tun a 1983 Lode Runner ya zo da manhajar gina matakai, kusan lokacin da Bill Budge ya fitar da Pinball Construction Set. Lokacin kuwa sai dai a miƙa wa aboki faifai hannu da hannu.

Wanda ya buɗe ƙofar da gaske shi ne Doom, na kamfanin id Software, a Disambar 1993. Da gangan aka ware injin wasan, wato manhajar da ke tafiyar da shi, daban, aka zuba matakai da hotuna da sauti a cikin fayil mai suna WAD, ta yadda kowa zai iya kawo nasa ba tare da ya taɓa injin ba. A 1994 masoya wasan suka rubuta manhajojin gini irin su DEU. Ba a jima ba kamfanin da kansa ya koma saye a wajensu: Final Doom na 1996 aikin magina ne na waje. Counter-Strike ma a 1999 ya fara ne a matsayin gyaran da Minh Le da Jess Cliffe suka yi wa Half-Life, sai Valve, kamfanin da ya yi Half-Life, ya ɗauke su aiki. DotA kuwa taswira ce da aka gina a 2003 da manhajar Warcraft III, kuma ita ta haifi salon da League of Legends da Dota 2 suke kai.

Wahalar aikin

Ginin ba wasa ba ne. Mai tsara taswirar Doom yana kallon fagen ne daga sama, yana jan layuka, yana ba kowane ɗaki tsayin daɓe da na rufi, kuma idan layi ɗaya bai haɗu da ɗan'uwansa ba, sai bango ya yi ta dishi-dishi a idon ɗan wasa. A manhajar Hammer ta Valve akwai abin da magina ke kira yoyo: 'yar kafa tsakanin bango biyu da ta leƙa wajen taswirar. Ita kaɗai ta isa ta dagula lissafin abin da ido ke hange, wasan ya yi nauyi, maginin ya kwana neman ramin da bai kai ƙwayar gero ba.

Sabbin manhajoji sun rage wannan wahala. A Super Mario Maker na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a 2015, tubali kawai ake ja a ajiye. Sauƙin ya zo da nasa ciwon kai, domin matakai sun yi yawa har nagari na nutsewa cikin tarkace. Nintendo ya sa sharaɗin cewa sai magini ya ci matakinsa kafin ya ɗora shi, amma wasu sukan ɓoye wata ƙofar sirri da su kaɗai suka sani, su bar sauran jama'a da hanyar da ba ta ɓillewa.

Na wa ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi daɗewa. A 1998 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta duba shari'ar kamfanin Micro Star, wanda ya tattara matakai 300 da masoya Duke Nukem 3D suka gina ya sayar a faifai. Kotun ta ce matakan reshe ne na ainihin wasan, don haka sayar da su ba izini keta haƙƙin mallaka ne. Wato gumin na magini ne, amma ƙasar da ya yi gini a kai ta wani ce. Blizzard, kamfanin da ya yi Warcraft III, wanda ya ga DotA ta kuɓuce masa ta koma hannun Valve, bai yarda a maimaita ba. Da ya fitar da Warcraft III: Reforged a 2020, ƙa'idojinsa sun ce duk wasan da aka gina da manhajarsa mallakinsa ne.

Batun kuɗi ma bai taɓa kwanciya ba. A Afrilun 2015 Valve da Bethesda, mai wasan Skyrim, suka ba da damar sayar da gyare-gyaren wasan a Steam, kasuwar wasanni ta Valve a intanet, magini ya samu kashi 25 cikin 100. Nan take aka fara rigima kan wanda ya yi amfani da aikin wani kyauta yana neman kuɗi da shi, kuma kafin mako ya zagayo an janye tsarin.

Ranar da aka kashe saba

Matsalar da ta fi muni ita ce ɓacewa. Matakan zamani galibi ba sa zama a na'urar magini kaɗai, suna kan manyan kwamfutocin kamfani da ake kira saba, kuma duk ranar da kamfanin ya ga riƙe su ba riba, shi ke nan. LittleBigPlanet, wanda ya fito a 2008, ya tara miliyoyin matakai. A 2021 aka rufe sabar tsofaffin wasannin bayan hare-haren masu kutse, ta ƙarshe kuma ta bi sahu a 2024.

Na Super Mario Maker ya fi zama a bakin mutane. Nintendo ya dakatar da ɗora sabbin matakai a Maris 2021, ya kuma sa Afrilun 2024 don rufe intanet ɗin Wii U, na'urar da ake buga wasan a kai, gaba ɗaya. Wata ƙungiyar 'yan wasa mai suna Team 0% ta ɗaura ɗamarar cin duk matakin da ba wanda ya taɓa ci kafin a ja labule. Suka yi ta ragewa har saura ɗaya, Trimming the Herbs, wanda ya gagari kowa. Daga baya maginin ya amsa cewa shi ma ba da hannunsa ya ci ba, na'ura ce ta danna masa maɓallan. Aka cire shi daga lissafi, amma wasu suka ƙi haƙura, kuma 'yan kwanaki kafin rufewa wani ya ci shi da hannu.

Inda aka dosa

Manyan kamfanoni sun karkata ga mayar da gini sana'a. Roblox na biyan maginansa, Epic Games kuma ya fitar da Unreal Editor for Fortnite a Maris 2023, tare da ware kashi 40 cikin 100 na wani ɓangaren kuɗin shigarsa don rabawa gwargwadon yadda ake buga kowane tsibiri, wato fagen da magini ya gina a wasan Fortnite. Kuɗi ne na gaske, sai dai yana tura magini ga abin da zai riƙe mutane tsawon lokaci, ba lallai abin da ya fi kyau ba, kuma aikin ba ya fita daga gidan kamfanin. Ƙirƙirarriyar basira na iya sauƙaƙe aikin ƙarfi kamar jera itatuwa da kujeru, amma za ta ƙara yawan matakai a kasuwar da ta riga ta cika.

Ɗaya hanyar ita ce ta Doom. Tun da aka saki lambobin injinsa a 1997, masoya ke sabunta shi don ya yi aiki a sabbin kwamfutoci, fayilolin kuma na hannun kowa, ba sabar da za a kashe. Taswirar da aka gina a 1994 na buɗuwa har yau. Tun 2004 jama'ar wasan ke ba da lambar yabo ta Cacowards duk shekara, John Romero, ɗaya daga waɗanda suka ƙirƙiri Doom, ya dawo da sabbin matakansa na Sigil a 2019, sannan a 2023 wata taswira mai suna MyHouse ta ja hankalin mutanen da ba a ma haife su ba lokacin da wasan ya fito.