Kulob ɗin Kurket na Yorkshire

Yorkshire County Cricket Club kulob ne na wasan kurket (wasan da ake jefa ƙwallo, mai bugu ya buge ta da sanda don tara maki) da ke yankin Yorkshire a arewacin Ingila, an kafa shi ranar 8 ga Janairu 1863 a otel ɗin Adelphi da ke Sheffield, amma yanzu gidansu na Headingley a birnin Leeds. Tambarinsu farar fure ce, abokan hamayyarsu na Lancashire kuma jar fure, in suka haɗu kuwa ba a ga maciji.

A gasar County Championship ta kulob-kulob ɗin yankunan Ingila da Wales babu kulob ɗin da ya kamo ƙafarsu, sau 33 suna ɗaukar kofin, har da na 1949 da suka raba da Middlesex. Na farko ya zo a 1893 lokacin Lord Hawke yana kyaftin, shi ne ya ɗaure musu ɗamara ya kawo tsari, kofi 8 aka ci a hannunsa. Zamanin nan ne aka yi Wilfred Rhodes wanda ya fitar da masu bugu 4,204 a manyan wasanni, har yau ba a samu wanda ya kai shi ba. Shekarar 1932 kam ta daban ce, Herbert Sutcliffe da Percy Holmes su biyu kaɗai suka tara maki 555 a kan Essex, sannan Hedley Verity ya fitar da duka 'yan Nottinghamshire 10 maki 10 kacal aka samu a jifarsa, shi Verity ɗin ya rasu a Italiya a 1943 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Len Hutton ɗansu ne, shi ya buga wa Ingila maki 364 a kan Ostireliya a 1938, haka ma Fred Trueman da Geoffrey Boycott da Joe Root duk 'ya'yansu ne.

Abin da ya fi bambanta su a da shi ne wata tsohuwar doka, in ba a Yorkshire aka yanke maka cibiya ba to ba za ka saka musu riga ba komai iya wasanka. Da can dokar ta yi musu rana tunda yankin babba ne ga matasa birjik, amma daga 1968 da sauran kulob-kulob suka fara kwaso gwanaye daga ƙasashen waje su suka ƙeƙasa ƙasa, ai kuwa sun ɗanɗana kuɗarsu, daga kofin County Championship na 1968 shiru kake ji a gasar sai 2001. A 1992 suka haƙura suka ɗauko Sachin Tendulkar daga Indiya yana ɗan shekara 19. Sun sake cin kofi a 2014 da 2015, Jason Gillespie na koci.

A 2020 tsohon ɗan wasansu Azeem Rafiq, haifaffen Pakistan, ya fito ya ce an nuna masa wariyar launin fata a kulob ɗin, maganar ta kai har majalisar dokoki, shugabanni suka yi murabus, a 2023 kuma aka ci tararsu fam 400,000 aka zaftare musu maki 48 a gasar.