Don Allah a Daina Sa wa Tsuntsaye Guba

'Yan uwana manoma da iyayenmu mata masu kiwon kaji, maganar nan na sha faɗa a bakin gona, zan kuma maimaita. Tun shigowar kaka, duk ƙauyen da na leƙa a kewayen Dadin Kowa sai na tarar da abu ɗaya: mushen ɗan tsako an barbaɗe shi da maganin ƙwari an jefar bayan gida, ko tsabar dawa da aka jiƙa da fiya-fiya aka watsa a bakin ruwa. In na tambaya, sai a ce, "Malam, shaho ne ya ishe mu."

Haba jama'a! An bar jaki ana dukan taiki. Mai surar 'yan tsaki a tsakar gida galibi shirwa ce, ita ma ba guba ce maganinta ba. Shahon da nake magana a kai, mai baƙin kai da zane-zane a ƙirji, a sama yake farautarsa. Yakan dunƙule fukafukai ya sulalo da gudun da ya haura kilomita 300 a awa, babu dabbar da ta kai shi. Abincinsa kurciya da hasbiya da sauran tsuntsayen da ke yi muku ɓarna a shinkafa. Kurciyar da ta ci tsabarku tana tangaɗi, ita zai fi saurin kamawa, ya ci, shi ma ya bi ta. Mushen kuma ungulu ce za ta ci, da karen gidanku. Yaran da ke tsintar tsuntsu su gasa fa? Kun tuna da su?

Ba a nan aka fara ba. A Amurka da Turai, maganin ƙwari na DDT ya sa ɓawon ƙwan shahon nan ya yi laushi, uwa ta hau kwanci ya fashe, har ya kusa ƙarewa a can. Sai da Amurka ta hana maganin a 1972, aka yi ta wahalar kiwonsa ana saki, kafin a cire shi daga jerin masu shirin ɓacewa a 1999. Ƙwai uku zuwa huɗu yake yi a shekara, a kan tsagin dutse. Wasunsu ma baƙi ne, daga arewacin Turai suke zuwa Afirka cin rani. Ya ƙetare hamada lafiya, ya zo ya mutu a hannunmu saboda tsako ɗaya?

Na san asarar kaza da ciwo, musamman ga uwar da ke sayen sabulu da ita. Amma guba dai a'a. A kifa wa 'yan tsaki kwando ko a bar su a akurki har su yi ƙwari. Mushe a binne shi da zurfi. Tsuntsun da aka tsinta a mace kada a ci, kada a sayar. Maganin gona a kulle shi nesa da yara. Wanda ya ci ya fara amai ko dalalar da miyau, a bar batun manja da madara, a kai shi asibiti nan take, a tafi da kwalbar maganin.