Karon ƙwayoyin zarra a CERN ba zai haɗiye duniya ba

Tun shekarar 2008, da aka kunna babbar na'urar CERN, wato cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai da ke kan iyakar Switzalan da Faransa, ake yaɗa cewa gwara cibiyoyin ƙwayoyin zarra (wato tsakiyarsu) a cikinta zai haifar da baƙin rami, wato wuri mai tsananin ƙarfin janyo abubuwa, wanda zai haɗiye duniya, kuma har yau nakan ji wannan magana a majalisun Birnin Kebbi. Wannan tsoro ba shi da tushe, kuma yana damuna domin yana nesanta yaranmu da kimiyya.

Gaskiya ne cewa a cikin na'urar nan, wadda zobe ce mai tsawon kilomita 27, ana gwara cibiyoyin ƙwayoyin zarrar dalma cikin gudu kusan na haske, har zafin ya zarce na tsakiyar rana fiye da sau 100,000, su narke su zama wani irin kunu na ƙananan sassansu. Sai dai abin yana faruwa ne a wurin da bai kai girman ƙwayar zarra ba, kuma ya wuce tun kafin ƙiftawar ido. Ƙarfin karo ɗaya bai wuce na ƙwayar shinkafar Argungu guda da ta faɗo daga tsayin mita 1 ba.

Bugu da ƙari, ƙwayoyi daga sararin samaniya, waɗanda wasunsu suka fi na CERN ƙarfi nesa ba kusa ba, sun shafe biliyoyin shekaru suna dukan iskar da ke samanmu, kuma duniya tana nan daram.